Hannun Auta, Fuskar Babba

Shafi na 14

Salamu alaikum, mutanen wannan zaure. Na karanta saƙonninku duka, har da na waɗanda suka wanke ni tas a kan shafin baya. Ban ji haushi ba, abin da na aikata ya fi ƙarfin zagin da kuka yi. Sai dai yarinyar nan da ta rubuto "tsoho ka yi sauri mana", ki sani da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, kuma ko a shago ba a taɓa yi min gaggawa na yi aikin kirki ba. Masu yi wa gidana addu'a, Allah Ya saka muku da alheri. Ku gyara zama.

*

Kwana tara ke nan da aka nuna shirin nan a talabijin. Kwana tara kuma Auta ba ta taka ƙofar shago ba.

Wanda bai kalla ba, minti goma sha biyu ne. An nuna ni, tsohon mai naɗin kwayil, wato wayar cikin inji, shekara arba'in ina tayar da injin da ya ƙone. An nuna Babba, ɗana na fari, cikin sabuwar rigar aiki yana murmushi a kan kujerar naɗi. An nuna hannuwa biyu kusa-kusa suna zagaya jar waya a jikin katako, da sauri kamar ba na ɗan Adam ba. Can a ƙarshe aka nuna Auta, 'yata, ta shigo da tiren shayi ta ajiye ta fita. Murya ta ce, "Ga kuma ƙanwarsa, mai kula musu da gida."

Hannuwan nan na Auta ne.

Mai shirin ne ya sa ta cire zobe ta saka rigar Babba, ya ce wa mai kyamara ya tsaya daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Ina tsaye aka yi. Ban ce uffan ba. Da fitilarsu ta karkace ma, ni na gyara musu ita.

Babba kuwa kuku ne a wani otal. Tun da aka haife shi bai taɓa naɗa ko kwayil ɗin fanka ba.

Ranar ta tara da safe, injin kwaɓa fulawa na mai gidan burodi yana kwance a kan tebur, cikinsa a buɗe, wayar ta ƙone baƙi ƙirin. Mai shi da bakinsa ya ce min, "Baba, yaron nan na talabijin nake so ya taɓa min shi. Kai ka huta." Na ce to. Me zan ce?

Na zare tsohon kwayil guda na zauna na ƙirga zagayensa, kamar yadda ake yi kafin a naɗa sabo. Wanda bai san aikin nan ba ya ji da kyau: in tsohon zagaye sittin ne ka naɗa hamsin, injin zai tashi lafiya lau, ya yi kwana uku ya ƙone a hannun mai shi. Na gama ƙirge, na ɗauki alli na rubuta a bango: 58.

Babba na zaune a gefe cikin rigar nan, kamar wanda aka kawo asibiti.

"Baba, mai shirin ya sake kira."

"Ya ce me?"

"Ya ce mutane sun so shirin ƙwarai. Yau ƙarfe huɗu za su dawo. Kai tsaye za a nuna daga nan shagon. Wai in naɗa wannan injin a gaban jama'a."

"To."

"Wane irin to, Baba? Ni ko kan wayar ban san yadda ake kamawa ba!"

Hannuna na dama yana rawa a kan gwiwata, na danne shi da na hagu.

Sai ga sallama kamar ta mai tallan magani.

"Salamu alaikum, gidan taurari!"

Fiyus ne. Abokin faɗana, wurin maigida ɗaya muka koyi aiki, shagonsa na ƙarshen layi. Sunan nan ya same shi ne don ba ya ɗaukar zafi, abu kaɗan ya yanke kamar fiyus ɗin wutar lantarki.

"Ina ɗan baiwar? Zo nan, ɗana, in gaisa da hannun da ya girgiza gari."

Babba ya miƙa masa hannu. Fiyus ya riƙe, ya juya shi gaba da baya, ya kai hanci.

"Albasa," ya ce. "Wallahi albasa. Har da ɗan citta."

"Fiyus, in ba ka da aiki ni ina da shi."

"Tsaya mana, tsoho. Ɗana, karɓi wayar nan, yi min zagaye goma in ba jikokina labari."

Babba ya karɓa da dama.

"Af! A talabijin da hagu ka yi. Ko an yi maka juyen hannu ne ban ji ba?"

Babba ya ajiye wayar ya fita waje. Fiyus ya jawo kujera ya zauna dab da ni, dariyar nan ta bar fuskarsa.

"Akwai tabon ƙarfen liƙi a gindin babban yatsa na hagu," ya ce. "Na gan shi a jikin katako. Da aka kawo shayi na sake ganinsa a gefen tire. Ina shagon nan ranar da Auta ta ƙone, tana 'yar shekara tara. Kai ka ruɗe kana ta salati, ni na tsoma mata hannun a ruwa."

"Mutane nawa suka lura?"

"Mutanen gari? Ko ɗaya. Su abin da aka zuba musu suke sha. Matata ma cewa ta yi, ka ga ɗan albarka, ka ga 'yar mutunci mai kawo shayi. Amma duk wanda ya taɓa riƙe jar waya a layin nan ya gani."

"Suna min dariya ke nan."

"Da dariya ce ai da sauƙi. In an ambace ka shiru ake yi."

Ya miƙe ya karkaɗe riga. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Shekara arba'in ina neman abin da zan fi ka da shi, ban samu ba. Ba ta wannan hanyar na so in samu ba."

Jama'a, Fiyus ya sha zagina a duniya. Wannan ce rana ta farko da maganarsa ta hana ni tashi daga kujera.

*

Da rana na tafi gida kamar yadda na saba. Ko takalmi ban gama cirewa ba, sai ga Auta da tire.

"Baba, sannu da zuwa. Ga shayi."

Ku sani, kwana taran nan shayi na sha kamar wanda aka yi wa hukunci. Da safe shayi. Na dawo shayi. Na yi tari shayi. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Tire kawai.

"Na ce miki ina son shayi?"

"Aikina ne, Baba. Duk gari ya gani."

"Ni za ki gaya wa baƙar magana?"

"Wane ni."

Ta ajiye, ta juya kofin yadda mariƙinsa zai kalli hannuna, ta shige ɗakinta ta saki labule.

Na ɗaga murya yadda za ta ji. "Shago dai nawa ne! Ni na koya mata riƙe waya! Shekara guda kawai da ta fara kama min aiki don hannuna na rawa, shi ke nan sai a hau min kai?"

Innarsu na bakin ƙofar kicin tana goge hannu. Matar nan shekara talatin da biyar muna tare, ban taɓa jin ta katse min magana ba.

"Malam. Shekara guda ka ce?"

"Ƙarya na yi?"

"Taso."

"Ina?"

"Taso dai. Na yi alkawarin ba zan faɗa ba, amma yau zan karya, Allah Ya yafe min."

Ta kai ni ɗakin ajiya. Bayan tsofaffin katifu ta jawo wani buhu, da ƙyar take jansa. Ta kwance bakin ta zazzage a ƙasa.

Ƙonannun kwayil ne. Irin waɗanda nake zarewa in ƙirga in jefa a kwandon shara. Sun fi ɗari. Kowane an ɗaura masa 'yar takarda da zare.

"Mene ne wannan?"

"Ɗauki guda ka karanta."

Na ɗauka. Na kai kusa da ido, na kai nesa. Rubutun ya zama kamar tururuwa a cikin ruwa.

"Ɗakin nan ba haske."

"Taga a buɗe take, Malam. Rana tsaka ce. Kawo."

Ta karɓa ta karanta a hankali.

"Famfon ruwan makaranta. Baba, saba'in da biyu. Ni, tamanin."

Ta ɗauki wani.

"Injin mai walda. Baba, arba'in. Ni, arba'in da shida."

Wani.

"Fankar tela. Baba..."

"Ya isa."

"Bai isa ba. Na ƙasan buhun nan shekararsu uku."

Na dafa bango.

"Kullum in ka taho gida cin abinci, ka bar ta tsaron shago, me kake zaton tana yi? Tana tsamo wanda ka jefar ta sake ƙirgawa. In ya yi daidai da abin da ka rubuta a bango ta bar shi. In bai yi ba, ta warware naɗinka ta gyara kafin ka koma ka zuba banish ya daskarar da naɗin. Awa biyu gare ta. Sau nawa ta dawo gida ba ta ci abincin rana ba, kana mata faɗa wai tana rama don son gayu?"

"Me ya hana ta gaya min?"

"Na ce ta gaya maka. Ta ce, Inna, in Baba ya san idonsa ya ja baya zai ajiye aikin, in ya ajiye aikin kuma kwanciya zai yi. Ta ce a bar ka da allinka."

Sai na tuna abin da na faɗa a gaban kyamara, ƙirji a buɗe: shekara uku ba a dawo min da aiki ko ɗaya ba. Na faɗa ina dafe da kafaɗar Babba. Auta tana bayan fitila riƙe da tire, tana jiran a ce ta shigo.

Na zauna a kan katifun nan. Tsoho da furfura, hawaye ya zo ban gayyace shi ba.

"Me ya sa take ajiye su?" na ce. "Don ta nuna min wata rana?"

"Kai dai ba ka san 'yarka ba. Don in injin ya sake dawowa ta san ainihin zagayensa. Ba ta yarda da bango ba, kai kuma ba ta son ta goge maka rubutu."

Ku da kuke da 'ya'ya, ku ji ni. Akwai ɗan da zai ba ka abinci ka gani ka gode. Akwai wanda zai riƙe maka mutunci shekara uku ba ka ma san yana zamewa ba. Ban san abin da na yi wa Allah Ya ba ni irin wannan ba. Innarsu ma da ta karya alkawari, Allah Ya biya ta, don da ta ci gaba da rufe min, da na mutu ina zaton ni gwani ne.

Na tashi na je bakin labulen Auta. Ban shiga ba.

"Auta."

"Na'am, Baba. A ƙaro shayi?"

"Na ga buhu."

Na ƙara matsawa kusa da labulen.

"Na gode. Ban iya doguwar magana ba, kin sani. Na gode, Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki masu rufa miki asiri kamar yadda kika rufa min."

"Amin, Baba." Muryarta ta sauya. "Amma ban yi don a gode min ba."

"Na sani."

"Kuma ba masu talabijin ne suka ɓata min rai ba. Su ba su san ni ba. Sun zo da labarinsu a rubuce tun daga ofis, mutane kawai suke nema su zuba a ciki. Da sun tarar da ni kaɗai a shagon ma, tire za su nemo min."

"To mene ne?"

"Kai ka gyara musu fitila, Baba."

Maganar ba ta da ƙofar fita.

"Ƙarfe huɗu za su dawo," na ce. "Ban ce ki zo ba. Ba ni da bakin cewa ki zo. Kujerarki dai tana nan."

Na saka takalmina na fita.

*

Uku da rabi motarsu ta tsaya a ƙofar shago. Mai shirin ya fito da gilashinsa a goshi, waya a kunne. Bayansa mai kyamara, da mai gabatarwa, wata mata mai sanyin murya wadda ita ce ta karanta maganar nan ta "mai kula musu da gida". Kafin a kafa fitila layi ya cika. Mai gidan burodi ya zo da fulawa a gira. Fiyus ya samo benci ya zauna a gaba kamar an gayyace shi.

Na ja mai shirin gefe.

"Ɗana, akwai gyara."

"Faɗi, Baba."

"Hannun da kuka nuna na 'yata ne. Ka sani, na sani. Yau a faɗa."

Ya yi murmushi irin na likita ga mara lafiya.

"Baba, mu ba ƙarya muke yi ba, tsara labari muke yi. Mai kallo ya dawo daga aiki a gajiye, yana son ya ga abin da idonsa ya saba. Uba, ɗa, gado. Ya ji daɗi ya ci abincinsa. In ka ɗora mace a kan inji sai ya fara tambaya, in ya fara tambaya ya canza tasha."

"In ya ƙi canzawa fa?"

"Mun fi ka sanin mai kallo, Baba, kamar yadda ka fi mu sanin waya. Amma kar ka damu, ba za mu bar ta haka ba. Muna da shirin mata ranar Laraba, girki da ado. Sai ta zo ta nuna mana abin da ta iya."

Babba yana bayanmu, ashe yana ji.

"Na girkin ni za ka gayyata," ya ce. "Auta ko ƙwai ta soya sai an buɗe tagogi. Shayin nan ma da kuka nuna, ni na dafa shi."

Mai shirin ya tuntsire da dariya.

"Ƙato kamarka da tukunya? Wannan sai shirin barkwanci na ranar Asabar. Zauna, zauna, lokaci na tafiya. Ka riƙe wayar kawai kana murmushi, za mu riƙa sako hoton hannun nan na wancan karon. Ba wanda zai gane."

"Ni zan gane," in ji Fiyus daga benci.

"Wane ne wannan?"

"Mai kallo."

Aka zaunar da Babba a kan kujerar naɗi, gumi na bin wuyansa. Aka tsayar da ni a gefensa. Na duba bakin layi. Ba Auta.

Mai shirin ya ɗaga yatsu. Uku, biyu, ɗaya. Jar fitilar kyamara ta kama.

Mai gabatarwa ta yi sallama ga masu kallo, ta yi bayanin shago, ta juyo ta miƙo min makirfo.

"Baba, jama'a na son su ji. Yaya aka yi ka koya wa ɗanka wannan aiki har ya kai haka?"

Na ga mai gidan burodi. Na ga masu naɗin layinmu a tsaitsaye, hannuwa a ƙirji. Na ga lambar da na rubuta a bango, ko in ce na ga farin alli, don lambar kanta ba na ganinta daga nan.

"Ban koya masa ba," na ce.

Mai shirin ya ɗago kai daga wayarsa.

"Wannan ɗana ne, ina alfahari da shi. Kuku ne. In ya dafa abinci sai ka lashe cokali ka nemi ƙari. Amma bai san naɗi ba, kuma bai taɓa cewa ya sani ba. Ni na zaunar da shi a nan."

Mai shirin ya fara yin alamar yanka wuya da hannu, yana nuna wa mai gabatarwa ta janye makirfo. Matar nan ta kalle shi. Ta kalle ni. Sai ta ƙara matso da shi kusa da bakina, ta riƙe da hannu biyu. Duk inda take, Allah Ya kai mata godiyata.

"Hannun da kuka gani wancan makon na 'yata ne. Wadda ta kawo shayi. Ku koma ku duba, akwai tabo a yatsan hagu. An ce ta cire zobe ta cire, an ce ta ɓoye fuska ta ɓoye, don ubanta na tsaye bai hana ba. Masu talabijin sun yi nasu, amma shagona ne, 'yata ce. Laifin nawa ne."

Layi ya yi tsit. Har injin mai walda na maƙwabta aka kashe.

"To ina take?" in ji mai gidan burodi. "Ni fa burodin gobe nake tunani!"

"Ba ta zo ba. Kuma in ba ta sake zuwa ba, ba ta yi laifi ba."

Sai na ji ƙarar da na fi sani a kwana taran nan: ƙarar tire yana gogar ƙofa.

Mutane suka dare. Ga Auta, Innarsu na bayanta. Tiren nan ne dai, an rufe shi da farin kyalle. Na ce shi ke nan, a gaban duniya za ta ba ni shayi, kuma na cancanta.

Mai shirin ya ga tire, ransa ya dawo. "Yawwa! Ɗauko ta, ɗauko ta! Ga ƙanwar ta kawo..."

Ta wuce shi ta ajiye tiren a kan tebur kusa da injin. Ta yaye kyallen.

Ba kofi ko ɗaya. Katakon naɗinta ne, da almakashi, da ƙarfen liƙi, da zare.

Ta naɗe hannun riga zuwa gwiwa.

"Yaya, tashi min daga kujerata."

Ban taɓa ganin mutum ya bar kujera da farin ciki irin na Babba ba. Ya cire rigar aikin nan ya riƙe mata ta saka, ya ce, "Wallahi ta fi yi miki kyau, ni ƙaiƙayi take min."

Fiyus ya buga cinya. "Da hagu, 'yata! Nuna musu da hagu!"

Ta zauna. Ta jawo tsohon kwayil ɗin da na zare da safe, ta juya shi a hannu. Ta ɗaga kai ta dubi bango, sannan ta dube ni. Kyamara na kanmu. Ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Baba, in naɗa yadda ka rubuta?"

Kun ji 'yar nan? Har a wannan lokacin, ƙofa take bar min in fita da mutuncina. Da na ce e, za ta ce to, ta gyara a ɓoye kamar kullum, ba wanda zai sani.

Na taka zuwa bango. Na sa hannun rigata na goge allin nan tas. Na juyo na kamo hannun mai gabatarwa da makirfonta.

"Ƙirga da kanki, Auta. Idona ya daina ganin siririyar waya shekara uku ke nan. Duk injin da ya fita daga shagon nan bai dawo ba, ƙirgenki ne."

Na ciro allin daga aljihu na ajiye a kan tirenta.

Ta kalli allin. Ta goge ido da bayan hannu, sau ɗaya. Ta sunkuya ta fara ɗaga zagayen waya da farce, ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi.

Wayar mai shirin ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta canza launi. Ya koma gefe yana "E ranka ya daɗe, a'a ranka ya daɗe, ban san zai faɗa ba, ranka ya daɗe." Can ya yi shiru yana saurare. Ya dawo a hankali, gilashin ya zamo masa kan hanci, ya miƙo wayar.

"Shugaban tasha ne."

Na miƙa hannu.

"Ba kai ba, Baba. Ita yake nema. Ya ce yanzu-yanzu."

Duk layi ya zuba wa Auta ido. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka ce ya jira," ta ce. "In na ɗaga kai ƙirge zai ɓace min. Talatin da ɗaya. Talatin da biyu..."